Saƙa da goyo a baya: amsa ga wata mai sana'ar hannu a Rigasa

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Rigasa da ke Kaduna, yarana biyu, babbar shekararta 3, ƙaramin watansa 7. Ina saƙar kwarashi: hular jarirai, safa, rigar sanyi da shawul, wani lokaci har da jakar hannu. Masha Allah ana son aikina, oda ba ta yankewa. Amma kullum a gajiye nake, ina yawan saɓa alkawari, kuma idan wata ya ƙare ba na ganin kuɗin. Maigida bai hana ni ba, sai dai ya fara ƙorafin wai kwarashi ya fi shi samun kulawa. Mama ta ce in ajiye har sai na yaye. In ajiye ne, ko akwai dabara?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki zuri'a, ya sa albarka a hannunki.

Kada ki ajiye, amma dole ki rage. Mama ta ga gajiya a fuskarki, kuma abin da ta gani gaskiya ne. Inda na saɓa da ita kaɗan shi ne maganin. Wadda ta rufe sana'a shekara guda da rabi, ranar da ta dawo za ta tarar masu sayenta sun saba da wata, hannunta ya yi nauyi, jarin kuma ya narke a cefane da gudummawar biki. Sannan a rayuwar yawancinmu, kafin a gama yaye wani cikin ya samu. In kika ce sai gida ya yi shiru za ki yi sana'a, za ki daɗe kina jira.

Na daɗe ina saƙa, ina kuma koya wa mata a nan Kaduna, kuma matsaloli ukun da kika lissafa tushensu ɗaya ne. Kina karɓar aiki kamar mai yini a shago, alhali lokacin da kike da shi na mai shayarwa ne, kuma lokacin nan ɗan kaɗan da kike da shi ba ki sa masa kuɗi. Ulu ana sayowa a kasuwa, kwarashi ma haka. Awoyinki ne ba a sayarwa a ko'ina, su ne ainihin jarin sana'ar nan, su ne kuma kike rabarwa kyauta.

Fara da ƙirga su. Ki samu ƙaramin littafi, mako guda cur, duk lokacin da kika ɗauki kwarashi ki duba agogon waya ki rubuta, in kika ajiye ki sake rubutawa. Ban da lokacin da saƙar take kan cinyarki kina ba yaro nono ko kina raba rigima. Matan da nake sa su yi wannan, masu goyo irinki, galibi sukan dawo da mamaki, don abin da suke zaton yini ne sai su ga bai wuce awa biyu zuwa uku ba. A ce naki awa biyu da rabi ne a rana, ki cire Juma'a da ranar da za ki je asibiti ko barka, kin ga awa 12 zuwa 13 ke nan a mako. In saitin jariri, wato riga da hula da safa, yana cin awa 10, to saiti ɗaya da 'yan huluna kike iya fitarwa a mako. Wadda ta karɓi saiti huɗu a makon nan ta riga ta saɓa alkawari tun ranar da ta ce to, ko da ba ta yi barci ba.

Awoyin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai lokaci mai natsuwa: bayan sallar asuba kafin yara su tashi, barcin hantsin ƙaramin, da ɗan abin da ya rage bayan isha'i. Akwai kuma na tsinci-tsinci, minti goma nan, minti biyar can, kina jiran ruwa ya tafasa ko kina zaune babbar tana wasa a gabanki. Aikin da ke bukatar ƙirga, kamar fara wuyan riga, rage hannu, haɗa ɓangarori ko saƙa sunan yaro, ki bar shi ga lokacin natsuwa, don kuskure ɗaya a ƙirga zai sa ki warware aikin awa guda. Dogon layin shawul da hannu ya riga ya haddace shi ne na tsinci-tsinci. Saboda haka yana da kyau a ce kullum kina da aiki biyu a buɗe, mai wuya da mai sauƙi, kowanne a jakarsa.

Yanzu kuɗi, inda zan fi daɗewa, don nan ne ake cutar mata masu aikin hannu, kuma yawanci da hannunsu.

Yadda akasari ake sa farashi shi ne a lissafa kuɗin ulu, a ɗora ɗan wani abu, a ce shi ne riba. Wannan ɗan wani abun ba riba ba ne, ladan aikinki ne, kuma an tauye shi. Ga ma'auni mai sauƙi. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata. Ma'aikacin da ke aikin awa 8 a rana, kwana 22 a wata, ya yi awa 176 ke nan, wato kusan naira 400 a kowace awa. Wannan shi ne ƙasan ƙasa, na wanda bai koyi komai ba. Ke kuwa kin koyi abin da ba kowa ya iya ba.

Mu yi misali, ki sa farashin yau a madadin nawa. A ce saiti ya ci dunƙulen ulu 4 a kan naira 1,200 kowanne, 4,800 ke nan. Maɓalli, ribon da ledar saka kaya 700. Kason kuɗin mota zuwa kasuwa, data da cajin fitila 500. Kayan aiki sun tashi 6,000. Awa 10 a kan 400, ƙarin 4,000. Saitin nan ya tsaya miki a kan 10,000 kafin a yi maganar riba. In kina sayar da shi 7,500, kina yi wa mutane aiki a kan naira 150 a awa, kina hana idonki barci, kina ɓata wa maigida rai. Riba ita ce abin da za ki ɗora a kan 10,000 ɗin, ko da 1,500 ne ko 2,000, kuma ita ce za ta saya miki sabon kwarashi, ta cike gurbin ulun da ya lalace, ta kare ki ranar da kika je kasuwa kika tarar kaya sun tashi.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Farashin ulun da muke saƙa da shi yakan bi dala. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, duk mai sayen kayan aiki ta san abin da ya faru da farashi da kuɗin mota. Abin takaici ne a garin da Kakuri ta taɓa cika da masaƙu, amma haka muka samu kanmu. Ka'idar ita ce ki yi lissafi da kuɗin da za ki sayo wani ulun gobe. Abin da kika saye shi wata uku da suka wuce ya zama tarihi.

Na san abin da za ki ce: "Anti, in na ce 12,000 za su gudu." Wasu za su gudu, kuma su ne waɗanda dama kike yi wa aikin asara. Tunda saiti ɗaya kike iya fitarwa a mako, mai saye ɗaya kike bukata a mako, ba goma ba. Za a ce miki ai a Kasuwar Barci ana samun rigar sanyin jariri ta gwanjo da araha, ko 'yar kanti a Kasuwar Sheikh Gumi. Gaskiya ne, kuma ba za ki taɓa iya gasa da dilar gwanjo ko injin masana'anta a farashi ba, kada ma ki gwada. Mai zuwa wajenki abin da babu a can take nema: launin da ya dace da atamfar fitar suna, sunan yaro a jikin shawul, girman da ya dace da bakwaini, kyautar da za ta kai gidan barka a ce wa ya yi wannan. Ita za ki yi wa magana. In an taya ƙasa, ki ce "Hajiya albarka, ba zai fitar da ni ba," ki nuna mata hula da safa kawai a kan abin da take da shi. Ki rage kaya, kada ki rage kuɗin awa.

Ki yi wannan lissafin a kan kowane abu da kike yi, za ki ga abin mamaki. Sau da yawa hula da safa, da ake gamawa cikin awa ɗaya ko biyu, sun fi babban shawul biyan kuɗin awa, don mutane ba sa jin nauyin biyan kuɗin ƙaramin abu, amma shawul ɗin da ya ci awa 25 ba kowa zai biya haƙƙinsa ba. Daga nan ki zaɓi abu uku kacal, ki tsaya a kansu har ki yaye. Hannun da ke maimaita abu ɗaya yana ƙara sauri, ba ya bukatar duba waya, ragowar ulun wannan kuma yana shiga wancan. Masu turo hoto daga Instagram su ce "irin wannan nake so" su ne masu cinye mako guda a gwaji da warwara. Ki ce musu sai bayan yaye, ko ki sa kuɗin da zai biya gwajin.

Maganar alkawari. Oda mafi hatsari a sana'armu ita ce ta suna. An haihu yau, an kira ki gobe, suna kwana bakwai, kuma ranar ba ta matsawa don yaronki ya kwana da zazzaɓin haƙori. Hanya biyu ce. Ko mai ciki ta yi oda tun tana wata bakwai ko takwas, ko ta zaɓa cikin abin da kika riga kika saƙa kika ajiye. Shi ya sa nake son ki karkata daga jiran oda zuwa tara kaya. Ki saƙa fari, ruwan madara, ruwan toka da ruwan ƙwai, waɗanda ke shiga ko mace aka haifa ko namiji. Ranar da aka kira, abin da ya rage miki shi ne sa ribon ko saƙa suna, aikin dare ɗaya.

Kasuwar kayan sanyi a Kaduna tana da lokacinta. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin hunturu, kowa hula da safa yake nema. Akwai ɗan motsi a tsakiyar damina, wajen Agusta. Maris da Afrilu kuwa zafi ne, ba mai kallon ulu. Ba a fafe gora ranar tafiya: watannin da ciniki ya ja baya su ne na saƙa kayan hunturu a natse, ba mai kira, ba mai tsaya miki a ka. A lokacin zafi jakunkunan hannu da kike yi za su riƙe ki, musamman gab da Sallah, kuma kada ki manta da masu sayen Kirsimeti a Barnawa, Sabo da Narayi, lokacinsu ya faɗo daidai tsakiyar sanyi. A azumi ki rage karɓar aiki sosai, tsakanin girkin buɗa baki da sahur da shayarwa babu abin da zai rage.

In kin karɓi oda, ki ƙiyasta kwanakin da za ta ci, ki ninka biyu, shi za ki faɗa. Ki kuma karɓi kafin alkalami da zai biya kuɗin kayan aiki gaba ɗaya, aƙalla rabin farashi, sauran kafin kaya su bar hannunki. Ba rashin yarda ba ne. Cinikin a sa mai sana'a ya ƙera abu sananne ne a fiƙihu, ana kiransa istisna'i, kuma abin da malamai suka fi jaddadawa a kansa shi ne a fayyace siffar kaya da farashi tun farko don kada a yi jayayya. Saboda haka bayan kun gama magana ta murya, ki rubuta mata a WhatsApp: launi kaza, girman wata kaza, kuɗi kaza, an ba da kaza, rana kaza. Ta amsa da "na gani". Saƙon murya na minti huɗu ba ya zama hujja ranar da ta ce ita shuɗi ta ce.

Kuma kada ki saki kaya don an turo miki hoton rasit. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin da idonki, alat na bogi ya yi yawa.

Sai inda kuɗin ke zurarewa bayan sun shigo. Ki buɗe asusu daban na sana'a, ko a banki ko irin su Opay da Moniepoint, wanda ba a sayen kati ko magi daga cikinsa. Ƙarshen wata ki cire ladan awoyinki ki mayar asusunki na kanki, wannan naki ne, ki yi anko, ki yi wa Mama alheri, ki sa a adashi. Jari da riba su zauna. In gida ya ci kuɗin sana'a, misali gas ya ƙare maigida ba ya nan, ki rubuta a littafi a matsayin rance, ki faɗa masa da daddare cikin daɗin rai. Dukiyar mace tata ce a shari'a, ciyarwa kuma tana wuyan miji. Taimako alheri ne kuma ana samun lada, amma taimakon da ba a rubuta ba shi ne yake zama "ban san inda kuɗin suka tafi ba".

'Yan'uwa da ƙawaye kuma, masu "ki yi min, zan ba ki kuɗin ulu". Ki yanke wa kanki adadin kyautar da za ki iya a shekara, ki rubuta ta a littafi kamar kowane kashe kuɗi. Ƙanwar maigida ta haihu, kin kai saiti a matsayin barka, wannan zumunci ne, kuma talla ce, don a ɗakin mai jego ake ganin kaya. Amma facalarki da ke son saiti uku za ta kai wa ƙawayenta, ciniki ne. Ki ce "Yaya, kuɗinsa kaza ne, na rage miki kaza saboda ke ce." Ta ji ainihin farashin, ta kuma ji girman ragin. Bashi kuwa, wadda ba ta biya na farko ba kada ki ɗora mata na biyu, ko wace ce.

Mu dawo kan maigida. Mutumin da ya ce kwarashi ya fi shi samun kulawa bai ce ki bar sana'a ba. Cewa yake ya dawo gida ya tarar da ke kanki a sunkuye, yana magana kina ƙirga. Ƙorafin yana da tushe, kuma gyaransa ya fi sauƙi tun bai zama hani ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki nuna masa littafin nan, awoyin da kuɗin. Ki ce daga dawowarsa zuwa kaza kin ajiye saƙa da waya, ki kuma cika. A madadin haka ki roƙi abu takamaimai: ya riƙe yaran awa biyu ranar Asabar da safe, ko ya biya ta kasuwa ya karɓo miki ulu, ko ya miƙa saƙo tasha a hanyarsa ta fita. Maza da yawa ba su san abin da za su yi da "ka taimaka min" ba, amma sun san abin da za su yi da "ka miƙa wannan tashar Kawo". Ku kuma yi magana tun yanzu a kan abubuwan da ke kawo saɓani daga baya: wa zai miƙa wa mai babur kaya a ƙofar gida, baƙi za su riƙa shigowa ko a'a, wace lamba za a sa a talla. Layin waya daban na sana'a yana kashe rigima da yawa. In wani ya ce miki aikin hannu bai dace da matar aure ba, ki tuna masa Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, wadda aka sani da jima da ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne lafiyar yara. Ɗan wata 7 yana gab da rarrafe, kuma duk abin da ya tsinta baki zai kai. Maɓalli, duwatsun ado, allura, almakashi da ƙananan kwarashi su zauna a roba mai murfi a saman kabad, ba a gefen katifa ba. Dogon zare yana iya naɗe wuyan yaro, guntunsa kuma yana iya ɗaure yatsa har ya kumbura, don haka ki share wurin duk lokacin da kika tashi. 'Yar shekara 3 ba a hana ta da tsawa, sha'awa ce ke kawo ta. Ki ba ta nata ragowar ulun mai kauri, gajere, da kwali ta yi ta naɗi a gabanki, kina kallo.

Haka kayan da kike sayarwa, jariran wasu ne za su sa. Kada ki manna duwatsu ko ƙananan ƙwallaye a hula da safar jariri, kada ki sa igiya mai tsawo a wuya, maɓalli kuma ki ɗinke shi da zare biyu ki ja da ƙarfi ki gani. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, yana narkewa in ya ji wuta ya manne a fata, ki riƙa gaya wa iyaye su nisanta yaro da kaskon gawayi lokacin sanyi. Ki gaya musu kuma a wanke da hannu, da ruwa mara zafi, a shanya a kwance don kada ya saki. Kayan da kika gama ki sa a leda ki rufe a bokiti mai murfi. Ƙurar hunturu, hayaƙin girki da hannun yaro mai manja duk suna iya mayar da sabon farin shawul kamar kwance.

Sayarwa ba sai kin fita ba. Ki sauke WhatsApp Business, ki jera kayanki uku da farashinsu a ciki, hakan zai rage miki amsa "nawa ne" sau hamsin. Hoto ki ɗauka da safe kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, a kan farin zani, ba filasha. Ba sai kin sa fuskar ɗanki ba, 'yar tsana ta isa. Ki sa wa kanki lokaci biyu na amsa saƙo, da hantsi da bayan la'asar, don waya ta fi yara cin lokacin saƙa, ba a dai lura ne. Tsohuwar hanyarmu ma tana aiki: dillaliya mai shiga gida-gida, ko mai shagon kayan jarirai kusa da asibitin haihuwa, ki ajiye musu kaya a kan la'ada sananniya, a rubuce, da ranar lissafi. Yara dai kada a ɗora musu talla, ko naki ko na maƙwabta.

Rigasa tana da nisa da masu saye na Malali ko Unguwar Rimi, kuma kuɗin kai saƙo yana iya cinye ribar hula. Mai saye ce ke biyan kuɗin kaiwa, ki faɗa tun farko. Ki ware rana ɗaya ko biyu a mako na fitar da saƙo, mai babur ɗaya amintacce ya kwashe gaba ɗaya. Na Zariya da Kano a bayar a tashar Kawo, ki karɓi lambar direba da ta mota ki tura wa mai kaya. Sayen ulu ma sau ɗaya a wata ya isa in kin san abu ukun da kike yi. Ki sayi launin da zai gama aiki a lokaci guda, don wanda za ki ƙaro daga baya, ko sunansu ɗaya, yakan ɗan bambanta, kuma a rana ake ganewa. In kuna da yawa masu saƙa a unguwa, ku haɗa kuɗi ku sayi katan a farashin sari.

Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen sana'a, tana da amfani ranar da kike son asusun banki da sunan sana'a ko za ki yi hulɗa da makarantu da shaguna, hukumar SMEDAN ma tana rajistar ƙananan sana'o'i. Amma ba su ne matsalarki ta bana ba. Saƙa ba ta bukatar lambar NAFDAC, sai in kin ƙara da sabulu ko man shafawa. Bashin manhajojin waya kuwa ki guje shi. Wadda awa 12 take da su a mako, ko an ba ta miliyan ba za ta saƙa fiye da na awa 12 ba, sai dai ta ƙara wa kanta masu kira. Haka keken saƙa: yana da kyau ga rigunan sanyin 'yan makaranta masu yawa, amma aiki ne na mai ɗaki daban da yaran da suka tasa. In oda ta fi ƙarfinki bayan kin gyara farashi, abin da ya fi shi ne ki samu mace ɗaya mai tsabtar hannu a layinku, ki ba ta safa ko jikin shawul a kan lada kowane guda, ke ki riƙe farawa da gamawa. Baje kolin duniya da ake yi kowace shekara a filin da ke hanyar Zariya ki sa shi a lissafin shekaru masu zuwa, ku haɗa rumfa da wasu matan.

Jikinki ma kayan aiki ne. Masu goyo suna yawan samun ciwo a gindin babban yatsa da wuyan hannu saboda ɗaga yaro, kwarashi kuma yana ƙara shi. Ki riƙa tsayawa bayan kowane rabin awa ki miƙe yatsu, ki sa matashi a bayanki da ƙarƙashin gwiwar hannu. In kin fara jin yatsu suna dindiris ko suna mutuwa da dare, ki je asibiti, kada ki tsaya shafa man zafi. Kada ki saƙa baƙi ko shuɗi mai duhu a hasken tocilan waya, ki sayi fitila mai caji mai kyau daga kuɗin sana'a. Sannan ki sa wa dare iyaka. Mai shayarwar da za ta tashi sau biyu ko uku kafin asuba ba ta da rarar barcin da za ta sayar a kan naira 150.

Odar da ke kanki yanzu, ki zauna yau ki rubuta su duka da ranar da kika yi alkawari, ki auna su da awoyinki na gaskiya. Waɗanda za su yiwu ki jera su bi da bi, na suna a gaba. Waɗanda ba za su yiwu ba, ki kira masu su da bakinki kafin su kira ki: "Hajiya ki yi haƙuri, aikinki ba zai samu ranar da na ce ba, sai ranar kaza. In za ki iya jira to, in ba haka ba in mayar miki da kuɗinki yau." Wadda ta ce a mayar, ki mayar a ranar. Kada ki karɓi sabuwar oda sai kin sallami waɗannan, kuma ta farko da za ki karɓa bayan nan ta zama a sabon farashi.